Kiɗa Ba Waƙa: Sharhi a Kan Abdullah Ibrahim, Makaɗin Fiyano na Afirka ta Kudu

Gabatarwa

A wani zama da ƙungiyarmu ta yi a zangon karatun da ya wuce, bayan an gama sauraren takarda a kan makaɗan fada, sai gardama ta kaure tsakanina da wani abokina ɗan aji uku. Shi a ganinsa kiɗan da babu waƙa a cikinsa ba shi da jigo, tun da jigo a cikin magana yake, saboda haka babu abin da manazarcin adabi zai tsinta a ciki. Har cewa ya yi kiɗa ba waƙa tuwo ne ba miya. Na kawo masa misalin take, na ce ai in aka buga taken mahauta da kalangu kowa ya san da wa ake, ko da makaɗin bai buɗe baki ba. Sai ya ce ai take magana ce aka mayar da ita cikin ganga, mai saurare kuwa ya riga ya san kalmomin. Gaskiyarsa, don haka aka tashi yana yi mini dariya.

Wannan 'yar maƙala ita ce amsar da na kasa bayarwa a ranar. Na zaɓi in kafa hujja da Abdullah Ibrahim, makaɗin fiyano na Afirka ta Kudu, wanda ya shafe shekaru fiye da 60 yana kiɗan jaz, ya kuma tsara kiɗan finafinai. Abin da nake son nunawa shi ne, ayyukansa suna da jigo guda da suke ta komawa gare shi, watau rabuwa da gida da kewarsa, kuma ana iya jin wannan jigo a cikin kiɗan kansa. Zan faɗi inda na ga ya ƙware, in kuma faɗi inda na ga ya gaza, domin sharhi ba kirari ba ne.

Wane ne shi?

An haife shi a birnin Cape Town ran 9 ga Oktoba, 1934, sunansa na yanka Adolph Johannes Brand. Kakarsa ita ce mai kaɗa fiyano a cocinsu, shi ma ya soma koyo tun yana ɗan shekara 7. Birnin nan tashar jiragen ruwa ne, ya tara mutane iri-iri: akwai jikokin Musulmin da Turawan Holan suka kwaso bayi daga tsibiran gabashin duniya, akwai Kosa da Soto da sauran ƙabilun ƙasar, ga kuma ma'aikatan jirgi daga Amurka masu zuwa da fayafayan garmaho. An ce yawan sayen fayafayan jaz da yake yi a hannunsu ya sa abokansa suka laƙaba masa Dollar, da sunan Dollar Brand kuwa duniya ta fara saninsa.

Jaz, ga wanda bai saba da shi ba, kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙaga a farkon ƙarni na 20. Babbar alamarsa ita ce, makaɗa suna ɗaukar karin sauti guda su kafa shi, sa'an nan kowannensu ya riƙa ƙirƙirar nasa a kai nan take, ba tare da an rubuta masa ba. Saurayin Brand ya sha daga wannan rijiya, musamman daga Duke Ellington da Thelonious Monk. Amma akwai waɗansu rijiyoyi uku na gida da bai taɓa rabuwa da su ba: waƙoƙin cocin kakarsa, da kiɗan marabi na unguwannin talakawa, da kiɗan gangar goma na bikin sabuwar shekara a Cape Town.

A 1959 shi da Kippie Moeketsi da Hugh Masekela da Jonas Gwangwa da Johnny Gertze da Makaya Ntshoko suka kafa ƙungiyar Jazz Epistles. A farkon 1960 suka ɗauki faifan da ake lasaftawa shi ne babban faifan jaz na farko da baƙaƙen fatar ƙasar suka yi. Ba a yi nisa ba, ran 21 ga Maris na shekarar, 'yan sanda suka buɗe wuta a Sharpeville suka kashe mutum 69. Gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar ta-ɓaci, taro ya zama laifi, wuraren kiɗa suka mutu, ƙungiyar ta watse. A 1962 ya bar ƙasar tare da mawaƙiya Sathima Bea Benjamin, wadda ya aura daga baya, suka sauka a Zurich ta ƙasar Suwizalan. A can ne cikin 1963 Sathima ta lallashi Ellington ya zo ya saurare shi a wani gidan rawa. Ellington ya ji, ya kai shi Faris aka ɗauki faifan Duke Ellington Presents the Dollar Brand Trio. Daga nan ƙofa ta buɗe: ya koma New York a 1965, a 1966 har ya riƙe wa Ellington ƙungiyarsa a waɗansu wasanni. A 1968 ya komo Cape Town ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullah Ibrahim, ya yi aikin hajji a 1970. Bayan kisan 'yan makaranta a Soweto a 1976 ya sake ficewa, ya fito fili ya goyi bayan jam'iyyar ANC, bai komo da zama ba sai 1990, bayan an saki Nelson Mandela. Yana cikin waɗanda suka yi kiɗa a bikin rantsar da Mandela a 1994.

Na kawo wannan tarihi ne don mai karatu ya lura da abu guda: mutumin nan sau biyu yana barin gida ba da son ransa ba, mafi yawan fayafayansa kuwa a ƙasashen wasu ya yi su.

Hannun hagu da hannun dama

Wanda yake son ya gane salonsa, to ya fara da faifan African Piano, wanda aka ɗauka a gaban 'yan kallo a birnin Kopanhegan na Denmak a 1969. Shi kaɗai ne da fiyanonsa, yana fita daga wannan kiɗa ya shiga wancan ba tsayawa. Abin da kunne zai fara kamawa shi ne hannun hagu. Yakan ɗauki ɗan gajeren sauti mai kauri ya yi ta maimaita shi, sau goma, sau hamsin, bai gaji ba. Hannun dama kuwa ya yi ta yawo a sama, wani lokaci a hankali kamar waƙar coci, wani lokaci da hargowa har mutum ya ce ya ɓata hanya, sa'an nan ya gangaro ya tarad da na hagu yana nan inda ya bar shi.

Ranar da na fara jin faifan nan, abin da ya zo mini a rai shi ne makaɗi da 'yan amshinsa. Jagora yana iya tafiya nesa da zance, ya yi habaici, ya yi zambo, ya kewayo, domin ya san amshi yana nan yana jiransa. Ba ina cewa Ibrahim ya koyi wannan a wurinmu ba ne. Daga marabi ya gaje shi, kiɗan da ake yi da tsohon fiyano a gidajen shan giya na unguwannin baƙaƙen fata tun shekarun 1920, wanda yake juyawa a kan sautuka uku ko huɗu har gari ya waye. Amma tsarin ɗaya ne: wani abu yana zaune, wani yana tafiya yana dawowa. A nan ne nake ganin jigon ya fara bayyana. Mai saurare ba ya bukatar a gaya masa da baki cewa ana maganar tafiya da gida. Kunnensa yana jin nisan da hannun dama ya yi, yana kuma jin sanyi a ransa sa'ad da ya komo.

Mannenberg

Abokina zai iya cewa wannan fassarata ce ni kaɗai. To, ga misalin da jama'a masu yawa suka fassara tare. A watan Yuni na 1974, lokacin da yake gida, Ibrahim ya shiga ɗakin ɗaukar faifai a Cape Town da waɗansu samarin makaɗa, cikinsu har da masu busa Basil Coetzee da Robbie Jansen, Rashid Vally kuwa shi ne ya ɗauki nauyin aikin. A ɗakin akwai wani tsohon fiyano da aka kakkafa wa ƙananan ƙusoshi a kan 'yan gudumomin da ke bugun tsirkiyoyinsa, don haka sautinsa yana fita da ƙarar ƙarfe, irin na fiyanon gidajen marabi na dā. A kansa ya kafa wani ɗan sauti mai sauƙi, masu busa suka hau, aka yi ta juya shi har minti 13 da 'yan kai. Aka sa wa kiɗan suna Mannenberg.

Sunan daga Manenberg ne, wata sabuwar unguwa a fili mai rairayi da iska a bayan gari. A 1966 gwamnati ta ayyana tsohuwar unguwar District Six, inda Ibrahim ya yi makarantar sakandare, a matsayin ta Turawa zalla. Aka rushe gidaje, aka kwashe mutane fiye da 60,000 aka watsa su a irin su Manenberg. Kiɗan babu waƙa a cikinsa, in ban da 'yan kalmomin da aka furta can wajen ƙarshe. Ba shi da fushi, ba shi da kuka. Tafiya yake a hankali kamar mutum mai komawa gida da yamma. Duk da haka faifan ya yi kasuwa ƙwarai, a shekarun 1980 kuwa Coetzee da Jansen suka riƙa busa shi a tarurrukan adawa da wariya, har ya zama kamar taken gwagwarmayar.

Me ya sa? A ganina, gwamnatin nan ta yi ƙoƙarin gaya wa mutanen cewa abin da suka gada ba kome ba ne, unguwarsu ma juji ce da ta cancanci rushewa. Masu ilmin cikinsu da yawa sun riga sun raina marabi, suna ganin kiɗan mashaya ne, sun fi son su kwaikwayi Amurka. Sai ga wanda Ellington da kansa ya yaba ya komo ya ɗauki sautin nan da aka raina ya ɗora shi a kan faifai. Wanda aka rushe wa gida ya ji sautin tsohuwar unguwarsa, an kuma laƙaba masa sunan inda aka jefar da shi. Mai tace fayafayai na gwamnati kuwa bai sami kalmar da zai kama ba. Ashe rashin waƙar ma ya yi rana.

Wajibi ne in ambaci ƙorafin da ke kan wannan kiɗa. Waɗansu makaɗan ƙasar sun ce karin sautinsa ya yi kama ƙwarai da wani tsohon kiɗa na Zacks Nkosi, amma sunan Ibrahim kaɗai aka rubuta. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, marabi kogi ne da kowa ke ɗiba, kamar yadda karin magana ba shi da mai shi. Sai dai in an zo rabon kuɗin faifai, wanda sunansa ke kan takarda shi ke karɓa, waɗanda suka haƙa rijiyar kuwa su mutu da ƙishirwa. Wannan tabo ne, bai kuwa kamata masu ƙaunarsa su rufe shi ba.

Kiɗan finafinai

Finafinai uku ne suka fi fice cikin waɗanda ya yi wa kiɗa, abin lura kuwa shi ne dukkansu labarin mutanen da suka rabu da gida ne.

Na farko shi ne Chocolat na 1988, fim na farko da Bafaranshiya Claire Denis ta shirya, ita kuwa a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka ta tashi. Wata mace mai suna France ta komo Kamaru bayan shekaru masu yawa, tana tuna ƙuruciyarta a Mindif, kusa da Marwa a arewacin ƙasar, inda mahaifinta yake jami'in mulkin mallaka a shekarun 1950. Zuciyar labarin tana kan Protée, yaron gidansu, wanda Isaach de Bankolé ya fito a matsayinsa, da abin da ke tsakaninsa da uwargidan wanda ba mai iya furtawa. Fim ne mai ƙarancin magana, kiɗan ma kaɗan ne. An bar mai kallo da kukan ƙwari da iska da kallon-kallo. Wurin da kiɗan ya sami sarari sosai shi ne ƙarshe. A filin jirgin sama, waɗansu lebura uku sun gama lodi, suna tsaye suna hira suna dariya, ruwa ya sauko, mu kuwa ba mu jin abin da suke faɗa, sai kiɗan Ibrahim mai motsa ƙafa. Fim ɗin da aka yi shi ta idon Baturiya sai ya ƙare a kan mutanen da ba su ma san da ita ba. Kiɗan ne ya miƙa musu fim ɗin. Kiɗan fim ɗin ya fito a faifai mai suna Mindif a shekarar.

A nan ma ina da ƙorafi. Mindif ƙasar Fulani ce da maƙwabtansu, ƙasar da fatake Hausawa suka daɗe da sani, tana da algaitarta da gangunanta. Abin da muke ji a fim ɗin kuwa sautin Cape Town ne, wanda aka ɗauka a Amurka da makaɗan Amurka. Tsakanin Mindif da Cape Town tafiyar dubban kilomita ce. Akwai wata ɗabi'a ta Turawa ta ɗaukar Afirka kamar ƙauye guda, in an sami baƙar fata ya kaɗa wani abu shi ke nan an sami kiɗan Afirka. Da farko na zaci wannan ne ya faru. Da na sake kallo sai na sassauta, domin fim ɗin bai yi da'awar nuna Mindif yadda mutanenta suka san ta ba. Tunanin wadda ta tafi ne ta komo ta tarar ba ta da wuri. Irin wannan tunani kuwa ɗan gudun hijira ya fi kowa sanin sautinsa. Duk da haka ƙorafin bai mutu ba: mutanen Mindif ba su ji kansu a fim ɗin da aka yi a kan ƙasarsu ba.

Na biyu shi ne wanda Denis ta yi a 1990, wanda aka sani da No Fear, No Die, labarin waɗansu baƙi biyu, ɗaya daga Binin ɗaya daga tsibiran Karebiyan, da suke horad da zakaru don caca a ɓoye a bayan birnin Faris. Su ma kamar zakarun nasu a rufe suke, masu kuɗi suna cin guminsu. Ban ga kiɗan nan ya kai na Chocolat ba, amma ya ba baƙin nan wata kamala da garin ya hana su.

Na uku, wanda na fi so, shi ne Tilaï na Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso, shi ma na 1990, da harshen Mosi. Saga ya komo ƙauyensu a kan jaki bayan doguwar tafiya, ya busa ƙaho don a san ya iso, sai ya tarar mahaifinsa ya auri Nogma, budurwar da aka yi masa alkawari. Suka ci gaba da saduwa a ɓoye, al'ada kuwa ta ce wannan kwana da uwa ne, hukuncinsa kisa, ƙuri'a kuma ta faɗa kan ɗan'uwansa Kougri. Kougri ya bar shi ya gudu a kan kada ya komo har abada. Da Saga ya ji mahaifiyarsa tana bakin mutuwa sai ya komo, asiri ya tonu, ɗan'uwan ya kashe shi. Fim ɗin ya ci babbar kyauta ta biyu a bikin Cannes na 1990, ya kuma ci ta farko a bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1991.

Labari irin wannan, in ya faɗa hannun makaɗi mai son a ji shi, sai ya cika shi da kiɗan tausayi tun daga farko har ƙarshe. Mu da muka saba da finafinan da fiyano ke bin kowane hawaye da kowace harara mun san wannan cuta. Ibrahim ya ja da baya. Kiɗan nasa jefi-jefi yake shigowa, siriri, kamar mai tsoron ya katse wa mutanen magana. Bai gaya mini in tsani uban ba, bai gaya mini in wanke Saga ba. Ya bar ni da nauyin hukuncin. Ga wanda ya iya cika zaure da sauti shi kaɗai, wannan kamun kai ba ƙaramin abu ba ne. Gwanin kiɗan fim ana gane shi ne a inda ya yi shiru.

Inda ya gaza

Bayan ƙorafe-ƙorafen nan biyu, akwai na uku. A 1983 ya kafa ƙungiyar Ekaya, ma'anar sunan kuwa gida, suka yi faifan Water from an Ancient Well a tsakiyar shekarun 1980, wanda nake ganin yana cikin mafi kyawun ayyukansa. Amma daga nan gaba, mai bin fayafayansa zai lura cewa kaɗe-kaɗe ƙalilan ne yake ta sake ɗauka, irin su The Wedding da The Mountain da Mindif, yau shi kaɗai, gobe da mutum uku, jibi da babbar ƙungiyar masu goge ta Turai. Waɗanda aka yi da masu gogen nan a ƙarshen shekarun 1990 sun yi mini zaƙi da yawa, kamar kunun da aka zuba wa sukari har aka daina jin tsamiyarsa. Hargowar hannun dama da ke cikin African Piano ta lafa, sai natsuwa zalla, natsuwar da ba ta sha wuya ba kuwa tana iya sa barci.

Sai dai ban yanke ƙauna ba, domin a 2020, lokacin kullen annobar korona, yana da shekara 86, ya zauna shi kaɗai a wani zaure da babu kowa a kudancin Jamus ya ɗauki faifan Solotude. Tsofaffin kaɗe-kaɗen ne dai, amma ya rage musu kaya har sun koma ƙashi, yana taɓa sauti ɗaya ya jira ya mutu kafin ya taɓa na biyu. A nan maimaicin bai dame ni ba. Tsoho ne yake ƙirga abin da ya rage masa, a ƙasar da ba tasa ba.

Kammalawa

Na koma ga abokina. Na yarda da shi cewa kiɗa ba ya iya faɗin abin da baiti ke faɗi. Mannenberg ba zai gaya maka shekarar da aka rushe District Six ba, ko yawan waɗanda aka kwashe. Na kuma yarda cewa sanin tarihin makaɗi yana taimakon kunne, kamar yadda sanin gidan sarauta ke taimakon mai sauraren waƙar fada. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce babu jigo. In abu guda ya yi ta fitowa a zubin kiɗan mutum, da sunayen da yake ba ayyukansa, da finafinan da masu shiryawa suka neme shi dominsu, sa'an nan dubban mutanen da aka kora daga gidajensu suka ji shi suka ce namu ne, to manazarci yana da abin nazari. Mu da muke koyon tarken waƙa mun fi mai da hankali ga kalmomi, mu bar kiɗan da ke ɗauke da su kamar ba ya cewa kome. Ina ganin wannan gibi ne a karatunmu.

Shawarata ga abokina da sauran 'yan'uwa ita ce, su nemi African Piano da Mannenberg su saurara a natse, sa'an nan su kalli Tilaï su lura da inda kiɗa ya shigo da inda ya janye. Wanda ya yi haka bai ji kome ba, to ya kawo tasa takardar a zama na gaba, ni kuwa zan zauna a sahun farko in saurare shi.